Rabin Magudana

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ya aiki, ya jikin Baba? Allah Ya ƙara masa sauƙi. Wutar dajin nan ta haɗa har da eriyar waya ta kan tudu, don haka babu kira, sai takarda. Direban motar kaya zai riƙa kawo miki, ki riƙa ba shi amsa.

Kin ce in faɗa miki abin da ya rage. Babu abin da ya rage. Dajin bayan gidanmu, tun daga gindin tudu har ƙoli, ya zama toka da baƙaƙen kututturai. Mangwaron da kika faɗo daga kansa kina yarinya yana nan tsaye, baƙi ƙirin, ko ganye ɗaya babu. Amyoyin zuma na bi su ɗaya bayan ɗaya ina buɗewa: kaki ya narke ya bi ƙasa, ƙudan sun ƙone a dunƙule. Na zauna a cikin toka na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa miki. Baba ne ya haɗa amyoyin nan da hannunsa, kuma da su muke ci.

Kin san aikin wane ne. Mai Gawayi, maƙwabcinmu na ƙasan tudu. Ya tara itace ya rufe da ƙasa ya kunna kamar kullum, sai ya kama hanyar kasuwa ya bar ramin yana hayaƙi, a ranar da iska ke neman ɗauke kwanon rufi. Gefe ɗaya ya tsage, wuta ta leƙo ta sami busasshiyar ciyawa. Sau nawa Baba ya ce masa kada ya bar rami babu mai tsaro? Shekara da shekaru yana sare mana daji yana ɗurawa a buhu, muka yi shiru saboda maƙwabtaka. Yanzu ya ƙarasa sauran a yini ɗaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gidansa ko bango ɗaya bai yi baƙi ba, don wutar sama ta nufa. Ya zo ƙofa yana sallama, ban amsa ba. Mutane suna ta cewa tsautsayi ne, a yi haƙuri. Ni ban ce zan kunna masa wuta ba, amma wallahi sai ya ɗanɗana abin da na ɗanɗana.

Ki gaishe da Baba. Kada ki yi masa zancen amyoyi.

Yayanki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, har da tokar da ta manne mata. Baba da sauƙi, amma hayaƙin ya yi wa huhunsa illa sosai. An sa masa robar iska a hanci, in ya yi magana kaɗan sai ya huta. Ba shi kaɗai ba ne. Tun da hayaƙin ya rufe gari ɗakin masu ciwon ƙirji ya cika da tsofaffi da jarirai, har a baranda muka shimfiɗa wasu. Mu kanmu nas-nas da tari muke zagaya su.

Zancen amyoyi ka makara. Yana farfaɗowa ya ce, "Sun ƙone ko?" Ya dubi fuskata, ya gyaɗa kai, bai sake tayar da maganar ba. Abin da ya dame shi daban ne: magudanar nan da shi da mahaifin Mai Gawayi suka haƙa a gicciye a ƙugun tudu, mai tare ruwan sama ta kai shi kwari. Ya ce, "Rubuta wa yayanki. Tudu ya zama tsirara, babu ciyawa babu saiwar da za ta riƙe ƙasa. Ruwan farko da laka zai sauko. Su yashe magudanar nan daga baki har ƙarshe kafin hadari ya haɗu." Kullum sai ya tambaye ni ko an fara.

Akwai kuma abin da ban san ko ka sani ba. Baba ya ce lokacin da ya faɗi a tsakanin amyoyi, Mai Gawayi ne ya kutsa cikin hayaƙin, ya janye reshen da ya danne shi yana ci da wuta, ya goyo shi har bakin titi. Ban ce wannan ya wanke shi ba. Ni ma in na tuna sakacinsa sai in ji zuciyata na tafasa. Amma na san halinka, Yaya. Tun muna yara in aka taɓa ka sai ka yi shiru kana murmushi, bayan kwana biyu a tarar da takalmin mutum a kan rufi. Ina jin tsoron shirun nan naka.

Allah Ya mayar mana da alheri.

Ƙanwarka, Auta.

*

Zuwa ga maƙwabcina Mai Zuma,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Baba. Matata ce ke rubutawa ina faɗa mata, don hannuwana duka biyu suna naɗe da bandeji, ko cokali ba na iya riƙewa. Na zo ƙofarka ba sau ɗaya ba, ina jin motsinka a ciki, shi ya sa na ce a turo maka wannan ta ƙarƙashin ƙofa.

Laifin nawa ne, ba ni da bakin magana, kuma ba gafara na zo nema yanzu ba. Maganar magudana ce. Toka da duwatsu da ƙonannun gumagumai sun cika ta. Ka san duk shekara tare muke yashe ta, kai da diga ni da shebur. Bana ba ni da hannu. Matata ta gwada, gumaguman sun fi ƙarfinta. Mazan gari kowa na fama da tasa asarar, kuma babu mai son a gan shi yana taimakona. Gidana yana daidai ƙarƙashin inda ya fi toshewa. Don Allah, in ba don ni ba, don yaran.

Na bar ka lafiya.

Mai Gawayi.

*

Auta,

Salamu alaikum, ya mai jiki? Ki gaya wa Baba an yashe magudana. Ba ƙarya za ki yi ba, rabi dai aka yashe. Daga bakin kwari har gindin mangwaro, inda iyakarmu ta tsaya, na kwashe ta tas, sai kin gani. A nan na jingine shebur.

Zancen goyo na sani, mutane sun ishe ni da shi. Shi ya kunna wutar da ya ciro Baba daga cikinta, me zan gode masa? Ya turo mini takarda ta ƙarƙashin ƙofa, na hura murhu da ita, ta yi amfani.

Na je na duba rabinsa. Wani ƙaton gungume ne ya gitta, tarkace ya taru a bayansa. Da gatari da ɗan gumi, kafin rana ta take zan iya gamawa da shi. Sai na zauna a kansa na ci abincina. Daga nan ana hango tsakar gidansa, matarsa na shanya, shi yana zaune da fararen hannaye a sama. Ya ɗago kai ya gan ni. Na ɗaga masa hannu.

Ki kwantar da hankalinki, ba rai nake nema ba. Na tare matar a hanya na gaya mata da bakina, in ta ga hadari ya haɗu ta kwashe yaran su bar gidan. Gidan nake so. Ina so ya tsaya a kan abin da ya tara duk rayuwarsa ya ga babu, kamar yadda na tsaya a kan amyoyi. Ban kyasta ashana ba, ban ɗaga wa kowa sanda ba. Shi ya tafi kasuwa ya bar rami ya yi aikinsa, ni ma na koma gida na bar tudu ya yi nasa. Shi ya tsiraita tudun, su ƙarata.

Gajimare ya fara taruwa daga gabas. Ban taɓa ƙosawa da damina irin ta bana ba.

Yayanki.

*

Yaya,

Na amsa sallamarka, amma ba da daɗin rai ba. Ban gaya wa Baba komai ba, ba ni zan ɗauki rabin gaskiyarka in kai masa ba. In ya tambaya ina cewa ana kai, kuma kai ka sa ni yin haka.

Kana magana kamar laka ta san gindin mangwaro, za ta zo ta tsaya ta tambayi ina ne iyaka. Ka manta rijiyar da kuke sha duka tana ƙasa da gidansa? Baba ya haƙa ta tun ba a haife ka ba. Don girman Allah ka ɗauki gatarin nan ka koma. In kana so ka daina gaishe shi har abada, ka daina, ni ma zan taya ka.

Auta.

*

Auta,

Salamu alaikum. Takardarki ta same ni da safe, ruwa ya sauko da la'asar, amma ko da mako ta riga shi ba abin da zai sake.

Ina tsaye a bakin ƙofa. Da farko ƙasa ba ta ma sha ruwan ba, gangara yake a kan toka kamar a kan faranti. Can sai na ji ƙugi daga sama. Tudun ne ya taho, baƙar laka da duwatsu da kututture. Rabinmu na magudana ya tare nasa ya kai kwari sumul. Rabin Mai Gawayi ya cika, ya tumbatsa ta kan gungumen nan, ya faɗa wa gidan. Bangon baya ya fara kwantawa, rufi ya bi shi, rumfar da yake tara buhunan gawayi ta wuce gaba ɗaya. Matar ta ji maganata, suna bakin titi da yaran, ko ƙwarzane babu.

Da ruwa ya ɗauke na sauka. Mai Gawayi yana tsaye cikin laka har gwiwa, bandejin ya yi baƙi, yana kallon inda ɗakinsa yake. Na san wannan kallon, ni na fara yin sa. Ki tambaye ni ko na ji daɗi. Na ji, Auta, har cikin ɓargona.

Rijiya ta tafi, kin yi gaskiya. Laka ta binne ta, ko bakinta ba a gani. Daga kwari nake ɗebo ruwa yanzu, baƙi da toka, sai ya kwanta ake sha. Su kuma suna ƙarƙashin tamfol a gefen titi.

Ki gaishe da Baba.

Yayanki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Direba ya riga ni, ya shigo duba Baba ya kwashe labarin ya ba shi. Baba ya ce, "Namu gidan fa?" Aka ce lafiya lau. Ya ce, "Rijiya?" Aka gaya masa. Bai ƙara tambayar komai ba, ya gane. Ya juya fuskarsa bango har na canja masa robar iska bai dube ni ba.

Likita ya ce huhunsa ba zai jure iskar tokar nan ba, a wurina zai zauna har tudu ya yi ciyawa. Ga saƙonsa, yadda ya faɗa nake rubutawa: "Ɗakina babu kowa. Yayanki ya buɗe ya share ya ba su. Hannun mutumin nan a kaina suka ƙone, don haka yayanki ne hannunsa har a tayar da gidan, a tono rijiya. In bai yi ba, kada ya zo duba ni."

Na bar ka lafiya.

Auta.

*

Auta,

Salamu alaikum. Na ba su ɗakin. Bango ɗaya ne tsakaninmu, tarinsa nake ji, kuma kowace safiya sai ya gaishe ni. Gobe zan fara kwashe lakar gidansa da shebur ɗin da na jingine a gindin mangwaro.

Ki gaya wa Baba na bi umarninsa, ina nan zuwa duba shi. Kada ki ce masa na yafe, don ban yafe ba.

Yayanki.