Tsakanin Gado da Kujera

Zuwa ga ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya gwiwar taki, yaya jikoki? Ni lafiya lau, sai dai ƙafafun sun daina jin maganata. Kada ki damu, akwai mai jinya da ke ɗaga ni kowace safiya daga gado zuwa kujerar bakin taga.

Jiya tana gyara mini matashi ta ce, "Baba, ba mai zuwa duba ka, amma kullum kana waƙa. Ba ka tsoron mutuwa ne?"

Na ce, "'Yata, in kina ɗaga ni, me nake yi?"

Ta ce, "Ba komai, sakin jiki kawai."

Na ce, "To, haka ceto yake. Yesu ya mutu domin zunubaina, ya tashi. Shi zai ɗauke ni, ba ƙarfina ba."

Ta yi dariya ta ce, "Kai da ke riƙe ƙarfen gado kamar za a sace shi?"

Ta kama ni, ƙanwata. Amma yau na saki ƙarfen. Tsakanin gado da kujera na ji ba ni da nauyi, kamar lokacin da Inna ke tsallakar da mu rafi. Har na hango marigayiya matata a ɗaya gaɓar tana shanya wanki.

Ki aiko mini da hotonta. Ɗakin da kike ta share mini kuwa, ki ba jikoki su kwana, ba na jin zan iso. Allah ya kiyaye ku, sai mun haɗu a can.

Yayanki.