Geron da Kika Bari a Gora

Saratu matata,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ki karanta wannan ba, babu direban da ke zuwa inda kike balle in ba shi saƙo. Amma tun safe bakina cike yake da labari, kuma ke na saba fara faɗa wa komai. Saratu, geronki ya tsiro! Ya tsiro layi-layi a bayan majami'a, yanzu na dawo daga can, ko taɓon ƙafata ban wanke ba!

Bari in bi miki a hankali, kar in fara daga ƙarshe ki yi min tsiyar da kika saba.

Bayan rasuwarki ajin yara na ranar Lahadi ya rasa mai shi. Fasto ya duba nan ya duba can, idonsa ya tsaya a kaina. Ni fa! Telan da in zare ya ƙi shiga allura sai ya yi jifa da allurar, shi ne zai koya wa 'ya'yan mutane kamun kai? Da kina nan da dariya ta kayar da ke. Na dai karɓa. Na yi ta zuba musu bayani a kan bege, su kuwa wasu na mintsinin juna, wasu na gyangyaɗi. Sai na tuna ke ba da baki kaɗai kike koyarwa ba. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka kikan kai su filin bayan majami'a ku yi shukar binne irin ta mutanenku na Kalfu, a sa iri cikin busasshiyar ƙasa alhali sama fes take. Kikan ce musu wannan shi ne bege. Sannan ki kafa doka ɗaya, ba mai tona rami ya duba, wannan kuma shi ne kamun kai.

To ina iri? Abin da ya rage na geronki bai fi cikin tafi ba, yana cikin ƙaramar gorar nan, gorar kuma tana hannun 'yarmu Hannatu. Tun ranar da muka dawo daga maƙabarta ta ɓoye ta cikin kayanta. Da na tambaye ta sai ta ce ba ta bayarwa. Wai hannunki ne ya sussuke shi, in ruwa ya yi jinkiri tururuwa suka kwashe, me zai rage mata naki? Yarinyar tana da gaskiya. Na ƙyale ta. Malam Abdu maƙwabcinmu ya ba mu nasa irin, ya haɗa da aron sungumi.

Ranar shuka yara sun yi layi, na fara sara, sai ga Hannatu da gora a rungume. Ko kallona ba ta yi ba. Ta bi yaran ɗaya bayan ɗaya tana zuba musu a tafi, ta girgiza gorar har ƙwayar ƙarshe. Ni kuwa na juya baya, wai ƙasa ce ta shiga min ido.

Sai ruwa ya ƙi zuwa, Saratu. Hadari ya taso daga gabas ya yi baƙi ƙirin, mu fito muna kallo, iska ta kwashe shi ta yi wajen Bambeye da shi. An yi ruwa a Kalfu, an yi a Barmu, Tahoua shiru. Malam Abdu ya ce da suka fita roƙon ruwa bai manta da gonar yaranmu ba. Na gode masa. In irin nan ya mutu, da wane ido zan dubi yarinyar? Ba ni na janyo ba?

Ran Asabar da la'asar na rufe shago, ƙafata ta kai ni filin. Na ce rami ɗaya tak, in ga ko irin yana nan. Na durƙusa na sa yatsa, sai na ji an cafke min wuyan hannu. Hannatu ce! Ashe kullum in ta taso daga lakwal, wato makaranta, nan take zuwa korar awaki. Ta ce min dokar ba ta yara kaɗai ba ce, da muryarki sak. Ta mayar da ƙasar ta danna da diddige. Washegari da bakina na ba ajin labarin yadda aka kama malaminsu, suka yi ta dariya har da faɗuwa. Kin san ranar ce suka fara saurarona har ƙarshe?

Ruwan kuwa da ya tashi zuwa, da rana tsaka ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kwana huɗu ke nan da yin sa. Yau da safe Hannatu ta shigo a guje ba ko takalmi, ta ja ni har filin. Kore shar, Saratu! Yara sun kewaye wurin suna tsalle, kowa na rantsuwa nasa ramin ya fi kyau. Na yi ihu har sai da Malam Abdu ya leƙo ya ga ko lafiya.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Ina tsokanarki cewa wasan ƙasa kike da yara, amma sau da yawa nakan zame in tsaya bayan taga ina sauraronki. Ina alfahari da ke ƙwarai, kuma ina kewarki.

Ban san ko damina za ta kai mu kaka lafiya ba. Hannatu dai ta wanke gorar ta rataye ta a ƙusar da kike rataye mayafinki, ta ce nan za ta jira sabon iri. Ni ma na daina tono, ina jiran ranar da Ubangiji zai sake haɗa mu.

Ki huta lafiya.

Mijinki, ɗalibinki mai taurin kai,
Baban Hannatu