Kalmar da likita ya rubuta wa Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya Legas?

Likitan Wusasa ya duba cikin Baba, ya rubuta "bland" a kati. Na tambayi malaminmu, ya ce abinci lami ke nan, ba yaji. Ya ce har mutumin da ba shi da zafi, haka Turawa ke ce masa.

Yaya, jiya na ƙona tuwo, ga miya lami. Ka san faɗan Baba a kan miya. Loma biyu ya yi, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Hadiza." Inna ta fita tana share hawaye.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. Don Allah kar ka jira Sallah.

Ƙanwarka,
Hadiza