Teburin Baranda Ne Ya Sa Na Yi Ƙarya

Zuwa ga Shugaban ƙaramin asibitin garinmu,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Ni tela ce a nan yankin Shagari, ina da ciki wata shida. Ban sa sunana ba, don ko rubutun nan da kunya nake yinsa.

Na farko. A watan Rajab na zo asibitinku da larurar mata: farin ruwa mai ƙarni yana fito mini, har na daina zama kusa da masu kawo ɗinki. Na tarar da teburin jin koke a baranda, taku biyu daga bencin masu jira. Ma'aikacin namiji ne, kuma in ka faɗi ciwonka sai ya maimaita da ƙarfi yana rubutawa. A bencin akwai mata uku da nake yi wa ɗinki, da ƙanen mijina. Da layi ya zo kaina, wallahi bakina ya ƙi. Na ce ciwon kai ne. Aka ba ni farasitamol, na yi godiya kamar abin kirki.

Na biyu. Ranar kasuwa na shiga mota zuwa Boɗinga, inda ba a san ni ba, na sayi maganin matsi a wani kemis. Mai shagon bai tambaye ni komai ba, ni ma ban ce ina da ciki ba, hijabi ya rufe. Sau uku ina komawa. Tsakani kuma ina kama ruwa da dafaffiyar bagaruwa, yadda wata maƙwabciya ta koya mini. Ƙarnin ya lafa kwana biyu, ya dawo.

Na uku. Da mara ta fara murɗa mini, yayata ta ja ni Sakkwato. Likita mace ta duba ni a ɗaki, ƙofa rufe, cikin minti biyar na faɗi abin da na ɓoye wata biyu. Bayan gwaji ta ce matsin da nake saye na wani ciwon ne daban, nawa sai maganin da likita ya rubuta, kuma yawan kama ruwa da bagaruwar nan ƙara shi yake yi. Ta ce barinsa na iya jawo haihuwa kafin lokaci. Na sha kuka, don cikin nan, shekara biyar na yi ina roƙon Allah ya ba ni shi.

Ban wanke kaina ba, ranka shi daɗe. Ni na yi ƙarya, ni na sayi magani da ka. Amma teburin nan ne ya koya mini, kuma ina shakkar duk masu ciwon kan da ke bencin nan kansu ne ke ciwo.

Roƙona biyu ne. A mayar da teburin nan zuwa cikin ɗakin da kuke ajiye kwalaye. A kuma sa ungozoma ta riƙa jin koken mata, ko da ranar awo kaɗai ce. Na san ɗakin ba shi da ƙyaure, shi ya sa na ɗinka labule mai kauri, yana cikin ledar da ta zo da takardar nan. Ranar Talata zan zo awo. In na gan shi rataye, zan shiga in faɗi gaskiya.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya rufa maka asiri kamar yadda za ka rufa mana.

Wassalam.

Wata tela daga yankin Shagari.