Makunnin Fankar Madafa

Maigida,

An ce motarku ta albasa za ta iso Jega yau, ni kuma dole in tafi Maiyama, ɗalibaina suna da jarrabawa.

Fankar da ke fitar da hayaƙi a madafa ta tsaya tun ranar da ka tafi. Ɗalha mai gyaran wuta ya zo har zaure, ya ce ba ya shiga gidan da maigida ba ya nan. Kwana goma sha tara ina girki ina hawaye, babu ma mai tambayata ko hayaƙi ne.

Jiya na cire fis, na kwance makunnin da bakin wuƙa. Waya ɗaya ce ta ƙone, na fere ta na ɗaure. Ba a banza na yi boko ba. Sai dai na mayar da shi a juye, sama ake dannawa. Kada ka kira kowa ya gyara, haka nake son abina.

Tuwonka na cikin kula. In za ka wuce kafin in dawo, ka bar fankar a kunne. In na jiyo ƙararta daga zaure, na san ka zo.

Zaituna