Ba Yawa Jinin Ya Yi Ba, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da uwa, ina fatan kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma akwai maganar da ta tokare ni a wuya, ta ƙi haɗiyuwa.

Kin tuna ranar da na raka ki asibiti a Ɗambatta, saboda ciwon kan nan na ƙeya? Malamar asibiti ta naɗa miki abin awo a dantse, ta duba lamba, ta sake aunawa. Ke kin sunkuyar da kai don kunya, sai ta juyo ta yi mini bayani, ni 'yar boko, tana surkawa da Turanci. Na yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa, alhali ko rabi ban gane ba. Girman kai ya hana ni cewa ta maimaita.

A mota kika tambaye ni me aka ce. Na ce jini ne ya yi miki yawa. Wallahi Inna haka na ɗauka. Na ji an ce hawan jini, na zaci irin hawan da ruwan rijiya yake yi ne da damina.

Har daɗi maganar ta yi miki. Kika ce, "Abin da ya yi yawa ai rage shi ake yi." Kashegari aka kira wanzami. Ni na riƙe miki mayafi a bayan rumbu yana kafa miki ƙaho a ƙeya, ya juye baƙin jini a sakaina, kika ce kin ji sakayau. Ƙwayoyin asibiti kwana goma kika sha, kika ƙulle sauran a leda kika jefa cikin kwalla. Miya ta ci gaba da shan gishiri da dunƙule yadda ta saba. Duk sanda kai ya sara, sai a aika gidan wanzami.

Da kaka abin ya faru. Kina ɓarar gyaɗa a tsakar gida da hantsi, sai ƙwaryar ta suɓuce, bakinki ya karkace. Kwana tara kika yi a kwance, ɓarin jiki ya shanye, ba baki, idonki kaɗai ke bin mu. Maƙwabta suka ce iska ce ta buge ki, ni ma na yarda.

Shekara shida ke nan. Watan jiya aka auna ni, Inna, nawa ma ya hau. Wannan karon na ce a yi mini da Hausa, dalla-dalla. Ashe ba yawa jinin yake yi ba. Ƙarfin bugunsa ne a cikin jijiyoyi, yana ta dukan su a ɓoye har wata ta fashe ko ta toshe a ka. Ko tulu guda aka zubar ba zai sauka ba. Kuma mutum yana iya jin garau alhali ciwon yana cin sa. Magani kullum ne, a rage gishiri, a riƙa zuwa awo. Na fito na zauna a gindin darbejiya, na yi kukan da ko ranar rasuwarki ban yi irinsa ba.

Yanzu kullum bayan sallar asuba nake haɗiye ƙwayata, kuma ba ta taɓa wuce maƙogwarona ban tuna ki ba. Jikokinki suna ta mita wai miya ta yi lami. Su yi ta yi.

Na san kwana ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Amma Innata, a kwanakin nan tara na durƙusa a gabanki kamar kowa na ce ki yafe mini, kika lumshe ido, 'yan uwa suka ce kin yafe. To me kika yafe? Ba ki san laifin ba, ni ma a lokacin ban san shi ba. Kin amince da ni ne kawai, don kin ga ni kika kai makaranta. Shi ya sa yau nake faɗa a wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa, a bainar jama'a: ni ce na juya miki maganar.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa jinyar da kika yi ta zama kaffara. Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna, in sake roƙon ki, wannan karon kina sane da abin da nake roƙa.

'Yarki,
Binta