Shanu Biyu, Mota Ɗaya

Tsamiyar Goje, Gwiwa
9 ga Maris

Zuwa ga 'yata Bahijja,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan aikin asibitin nan na Babura bai fi ƙarfinki ba. Mu nan lafiya lau, sai zafi.

Kada ki yi ƙorafin ban kira ki a waya ba. Kin san kunnen nan nawa, kina magana ina "na'am, na'am" har kati ya ƙare. Kuma ban yi shekara uku a ajin yaƙi da jahilci ba, da furfura a gemuna ina haɗa baƙi da wasali, don in bar biro ya bushe. Direban motar kasuwa zai kawo miki wannan.

Albishirinki! Matar yayanki tana da juna biyu, wata huɗu. Shekara tara muna jira, Bahijja. Da innarki Dela ta faɗa min sai da ta maimaita sau uku, na farko ban ji ba, sauran biyun kuma don daɗi na sa ta. Na ce mata in namiji ne ta yi sabon miji, in mace ce kuwa ni na yi amarya. Ta ce, "Amarya da wannan bakin naka mai haƙori huɗu?" Yayanki yana Legas wurin gadinsa, an ce da ya ji labari kuka ya yi.

Yanzu ga shawarar da nake nema. Kin tuna Shatu matar maƙwabcinmu, da aka ɗora a amalanke bara tana naƙuda, kafin shanu su kai ta titi ɗan ya mutu a ciki. Ba na so a yi min haka. Na ga wata 'yar mota ta hannu a Kazaure, shuɗiya, ƙarama, irin wadda ake ɗaga ƙofar bayanta sama. Ana kwantar da kujerun baya, katifa ta shiga sosai, na auna da igiya. Dillalin ya ce ba ta shan mai. In na sayar da Ja da Baƙi, shanun huɗata, na ƙara da geron rumbu ɗaya, ta zama tamu. Jalaluddeen, wanda ya yi tuƙin bas a Kano kafin ya dawo gida noma, ya ce zai riƙa ja mana.

Ki faɗa min gaskiya. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Sama'ilu

*

Babura
16 ga Maris

Baba,

Amin wa alaikumus salam. Ina gaishe ku da girmamawa, kai da Inna. Wallahi da na karanta albishir ɗin nan sai da na tashi na rufe ƙofar ofis na yi kukana. Allah ya sauki Nafisat lafiya, ya sa Yaya Muhsin ya ga ɗansa da idonsa.

Maganar mota kuwa, Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Amfaninta na gan shi: tana da sauri, tana da inuwa, ba sai an je roƙon kowa ba. Amma mota ba ta cin kara da dusa. Ko tana tafiya ko tana tsaye sai ta nemi wani abu, yau batir, gobe taya. Kuma ka san garinmu, ranar da ta shigo ta zama ta kowa, kai kuma ba ka iya cewa a'a. Shanun nan su ke yi maka huɗa, su ke kai taki, su ke kawo amfanin gona gida.

Abin da ya fi damuna shi ne lissafin watanni. Haihuwar nan a Agusta za ta faɗo, tsakiyar damina. Rafin Kuka da kuke ratsawa kafin ku kai titi, yanzu yashi ne fari fat, a Agusta ba haka yake ba.

Akwai hanya mai sauƙi. Haihuwar fari ce, dama al'ada ta tafi gidan iyayenta goyon ciki. Gidansu yana cikin garin Roni, ga titi ga asibiti. A kai ta tun cikin yana wata bakwai, shi ke nan. Kafin ka biya komai kuma, don Allah ka sa Rilwanu ɗan ƙanenka ya duba motar, tunda garejinsa na nan Kazaure.

A gaida Inna da Nafisat. A ce mata ta riƙa zuwa awo.

'Yarka,
Bahijja

*

Kazaure
Laraba

Baffa,

Barka da war haka. Na je na ga motar kamar yadda ka aiko. Injinta ba laifi, giya na shiga, birki na kamawa. An taɓa yi mata fenti amma ba hatsari ba ne, tsufa ne. In a cikin gari za a yi yawo da ita, zan ce a saya.

Amma Baffa, cikinta a ƙasa yake. Na sa tafin hannuna tsakaninta da ƙasa, da kaɗan ya wuce ɗani ɗaya. Inda take shaƙar iska ma ƙasa-ƙasa ne. Wannan ko kwatami mai zurfi ta shiga sai ta sha ruwa. Na faɗa wa dillalin, ya ce ai masu irinta har Nijar suke zuwa. Na ce masa a kan kwalta suke zuwa.

Ni dai na faɗi nawa. Ka gafarce ni, rubutuna na gareji ne.

Ɗanka,
Rilwanu

*

Tsamiyar Goje
2 ga Yuli

'Yata Bahijja,

Sallama da gaisuwa. Na daɗe ban rubuto ba, kin san dalili, nauyinki nake ji. Na saya. Tun watan Afrilu.

Na karanta takardarki da ta Rilwanu, ban yi watsi da su ba. Kwana huɗu ina juya maganar. Sai na ce da dillalin a kawo ta gida a gwada. Jalaluddeen ya ratsa Rafin Kuka da ita sau biyu a gabana, ko tari ba ta yi ba. Daga ƙofar gidanmu zuwa titin Gwiwa minti ashirin, na duba agogo. Amalanke awa biyu take yi. Da na tuna fuskar Shatu sai na ce a kai shanu kasuwa.

Da kin ga ranar da ta kwana a gida! Nafisat ce ta fara shiga gaba, ta ce, "Baba, ai motar jikanka ce, ni 'yar rakiya ce." Dela ta ƙi shiga, wai kamar akurki. Da aka kunna mata rediyo kuma sai da aka roƙe ta ta fito.

Abin da kika faɗa ya faru. An kai amarya biyu da ita, an kai mai karaya wurin ɗori, an ɗauko gawa daga Yankwashi. Salansa, bututun hayaƙin nan, ta faɗi sau ɗaya, taya biyu sun tafi. Huɗar bana shanun haya na jira, sai da kowa ya gama aka zo min, gerona yana baya da na mutane. Amalanke tana nan jingine a bayan rumbu, kaji na kwana a ƙarƙashi. Duk da haka ban yi nadama ba.

Mutanen Roni sun aiko yayar Nafisat, Zulaiha, ta tafi da ita goyon ciki. Na roƙe su su bar min ita zuwa tsakiyar Agusta, in ya rage mako biyu ni da kaina zan kai ta a mota har ƙofar gida. Zulaiha ta ce, "Baba, damina ce fa." Na ce mata ga mota a ƙofar gida, me ake tsoro? Ba zan ɓoye miki ba, tun da cikin nan ya fito gidan ya canza. Ina zaune a zaure in ga ta wuce da tulu tana tafiya a hankali, sai in ji kamar an rage min shekara ashirin. Ba na son gidan ya koma shiru da wuri.

Allah ya yi albarka.

Mahaifinki,
Sama'ilu

*

Babura
8 ga Yuli

Baba,

Ina gaisuwa. A tsaye nake rubuta wannan, direba na jira.

Mota an riga an saya, Allah ya sa alheri. Amma Nafisat don girman Allah a kai ta Roni makon nan, tun rafin yana barin mota ta wuce. Ciki ba ya bin kalanda. Katin awonta da Inna ta sa aka karanta min a waya ya nuna jininta ya yi ƙasa. Ita ba za ta iya buɗe baki ta ce da surukinta tana son tafiya ba, kai ne za ka ce.

Gidan zai yi shiru wata biyu ne kawai, Baba, sannan ta dawo maka da jika.

'Yarka,
Bahijja

*

Tsamiyar Goje
19 ga Agusta

Bahijja,

Assalamu alaikum. Kin zo, kin yi kwana uku na zaman makoki, kin koma, ban iya ɗaga ido na dube ki ba. Abin da mutane suka faɗa miki shi ne ruwa ya tare hanya. Gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba. Gara ki ji sauran daga hannuna.

Takardarki ta Yuli ta same ni. Na ninke ta na sa a aljihu, na ce bayan an gama noma na biyu.

Ranar Talatar da abin ya faru an yi ruwa tun asuba har hantsi. Yana tsagaitawa Dela ta fito ta ce naƙuda ta zo, kuma da jini. Saura mako uku a lissafinmu. Muka shimfiɗa katifa a bayan mota kamar yadda na auna, aka kwantar da ita, Dela na riƙe da kanta. Da muka iso Rafin Kuka Jalaluddeen ya tsaya, ya fita ya shiga ruwan da ƙafa, ya kai masa gwiwa. Ya dawo ya sa bakinsa a kunnena ya ce, "Malam, ba za ta iya ba." Na ce, "Ta sha ratsawa." Ya ce, "Da rani ne, Malam." Na ce, "Shiga, ni na saya, ni na ce ka shiga."

A tsakiya ta yi tari biyu ta mutu. Cikinta ya zauna a kan yashi, ruwa ya fara shigowa ta ƙasan ƙofofi yana jiƙa katifar. Ruwan nan, Bahijja, Ja da Baƙi suna ratsa irinsa da amalanke cike da taki, ko tsayawa ba sa yi. Na aika a nemo shanu, duk na gari suna gonakin nesa. Kuma maimakon in ce a fito da ita nan take, sai na sa mutane turi. Kusan awa guda muna turi, don na kasa yarda.

A ƙarshe ƙyauren shagon wani aka ɓalle, maza huɗu suka ɗauke ta a kai, suna canzawa, cikin taɓo. Ina biye da su. Ta buɗe ido ta gan ni, ta ce, "Baba, ka koma, ƙafarka za ta kumbura." Ita ce maganarta ta ƙarshe da na ji, ita ma don Dela ta maimaita min ne. Mun kai titi bayan azahar, mun kai asibiti a Kazaure da la'asar. Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, aka shiga da ita tiyata da gudu. An ciro yarinya da rai. Uwar ba ta kai magariba ba.

Motar ta kwana biyu a rafi. Wani mutumin ƙetaren rafi ya kawo shanunsa ya ja ta. Da suka matso sai na ga tsagar kunnen na dama. Baƙi ne. Shi ya saye su a kasuwar Gwiwa. Ja ɗaya suka yi mata ta fito.

Yayanki ya zo, yana gaishe ni safe da yamma kamar kullum. Zulaiha ma ta zo, ta zauna tana shayar da yarinyar tare da nata ɗan. An raɗa mata sunan uwarta.

Ga abin da ya fi ba ni kunya. Jiya aka miƙo min ita, ta kama ɗan yatsana ta riƙe gam, sai na ji daɗi ya cika min ƙirji har na yi dariya, na ce amaryata ta iso. Dariya, Bahijja, a gidan da aka yi kwana goma da fitar da gawa. Ban san yadda zan yi da wannan daɗin ba, kuma ya ƙi tafiya.

Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, liman ya faɗa min, ni ma na yi imani. Amma ke aikinki ne, kin ga irin wannan da yawa. Da a ce tana Roni, ko da a ce mun isa da hantsi, da ta rayu? Ki rubuto min da manyan baƙaƙe.

Mahaifinki,
Sama'ilu

*

Babura
23 ga Agusta

Baba,

Amin wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Nafisat, ya sa ta huta, ya raya abin da ta bari.

Kada a ba jaririyar ruwa ko jiƙo, nono kawai. A riƙa lulluɓe ta, ba ta cika watanninta ba. A kula da cibiya, kada a sa mata komai. Na sa maganin ƙarin jini a cikin ledar nan, na Zulaiha ne, tunda biyu take shayarwa. Ranar rigakafi in ta zo, a duba rafi tukuna kafin a fita.

Dariyar da ka yi ba laifi ba ce. Ka riƙa ɗaukarta.

Ina nan tafe ranar Juma'a in Allah ya yarda. A gaida Inna da Yaya Muhsin.

'Yarka,
Bahijja

*

Tsamiyar Goje
25 ga Agusta

'Yata,

Sallama. Na karanta takardarki sau uku, na juya bayanta ma ina neman amsar tambayata. Na gane.

Zulaiha za ta koma Roni ranar Asabar, da yarinyar. Wannan karon ban roƙi kowa ya bar min ita ba. Na yi magana da mutumin ƙetare, zai kawo Ja da Baƙi a ɗaura musu amalanke su kai su titi. Ni zan riƙe ta a hanya.

Allah ya kawo ki lafiya.

Mahaifinki,
Sama'ilu